Idan kwafin ajiya ya ƙi tafiya: abin da kwamfuta ke faɗa kafin takardu su salwanta

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, masu kwamfuta suka shiga zaɓi: ko su ci gaba da tsohon tsari, ko su kai wa mai gyara ya ɗora musu Windows 11. A Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai, inda kwamfutoci da yawa na hannu ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso, ɗora sabon tsari kusan kullum da kalma guda yake zuwa: formate. Wato a share faifan ajiya gaba ɗaya, a fara daga farko.

Kafin a share kuwa sai an kwashe. Dosiye uku ne ke ɗauke da rayuwar mai kwamfuta, waɗanda Windows na Faransanci ke kira Bureau, Documents da Images. A ciki ne kundin kammala karatun ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko André Salifou yake, da hotunan bikin da mai ɗaukar hoto bai miƙa wa masu shi ba tukuna, da lissafin bashin ɗan kasuwa, da hoton fasfo da difloma da takardar haihuwar wanda ke shirin fita waje. Sai a jona kile USB ko faifan waje, a fara kwafi, koren layi yana tafiya, can sai ya tsaya. Wani ɗan akwati ya fito da rubutu da wasu lambobi. Mai gyara yana sauri, mai kwamfuta bai gane abin da aka rubuta ba, sai a danna Ignorer a wuce.

Wannan dannawar ita ce asarar. Kwafin zai ƙare, dosiyen zai bayyana a kan kile da sunansa daidai, amma fayil ɗin da aka tsallake ba ya ciki, kuma ba wanda zai sani sai ranar da aka neme shi.

Lambobin suna da ma'ana

Saƙon kuskuren Windows yakan zo da lamba mai farawa da 0x8007. Ba sai mutum ya yi karatun injiniya zai amfana da ita ba. Ya isa ya ɗauki hoton allon da wayarsa kafin ya danna komai, don lambar ce ke bambanta ƙaramar matsala da babba.

Lambar 0x80070070 na nufin wuri ya cika a inda ake zuba kwafin. Lambar 0x80070020 na nufin wata manhaja na riƙe da fayil ɗin: takardar Word ce a buɗe, ko Outlook na aiki a ɓoye, ko manhajar kariya daga ƙwayar cuta tana dubansa a daidai lokacin. Rufe komai, ko kashe kwamfutar a sake kunnawa, yakan wadatar. Lambar 0x80070005 kuma ita ce Accès refusé, wato an hana shiga. Wannan ta fi fitowa a kwamfutocin hannu da kuma faifan da aka ciro daga wata kwamfuta, domin Windows na ganin dosiyen mallakar wani asusu ne daban. Ana warware ta ta shiga da asusun mai iko da kwamfutar, a buɗe Propriétés, sannan Sécurité, a mayar da mallakar dosiyen ga sabon asusun.

Waɗannan ukun ba sa taɓa lafiyar takardu. Biyun da ya kamata su tayar da hankali su ne 0x8007045D da 0x80070017. Ta farko na cewa na'urar ta kasa karantawa ko rubutawa, ta biyu na cewa abin da aka karanto bai dace da abin da aka rubuta tun asali ba. Wani lokaci waya ce ta lalace ko ramin USB ya saki, canza su ya isa. Wani lokaci kuma faifan ne ya fara mutuwa.

Kile mai wuri da ke cewa babu wuri

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne kile mai giga 32 da ba komai a ciki, amma ya ƙi karɓar bidiyon biki guda, kwamfuta na cewa fayil ɗin ya yi girma. Laifin na tsarin da aka shirya kilen da shi ne. Ƙananan kile da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, tsohon tsari tun shekarun 1990, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4, ko da wuri nawa ya rage. Maganin shi ne a mayar da kilen tsarin exFAT ko NTFS. Amma yin haka ta hanyar formate yana share duk abin da ke kansa, don haka sai an fara kwashe na ciki. Ga wanda zai yi amfani da kilen a Windows da Mac duka, exFAT ya fi dacewa.

Akwai kuma ƙarancin da ba matsala ba ne. Faifan da aka rubuta wa giga 500 yakan nuna kusan 465 a Windows, mai tera 1 ya nuna kusan 931. Bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows, ba cuta aka yi wa mai saye ba.

Cutar gaske tana wajen kile na jabu. An yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara yana nuna giga 64 ko 128, alhali ainihin cikinsa bai kai haka ba. Mugun abin shi ne irin wannan kile ba ya nuna kuskure lokacin kwafi. Yana karɓar komai, sunaye suna jeruwa, sai an zo buɗewa a tarar hotuna ba sa buɗuwa, takardu sun zama tarkacen alamomi. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika kile da bayanai ta sake karantawa don gano ainihin girmansa. Tana cin lokaci, amma sabon kile mai araha fiye da kima ya cancanci wannan gwaji kafin a ba shi amanar kundin shekara biyu.

Duk wanda ya taɓa kai kile siber ko wurin buga takardu ya san ƙwayar cutar da ke mayar da dosiye su zama ƴan alamomi masu kibiya. Ganin haka wasu ke yin formate nan take, suna zaton komai ya tafi. Galibi takardun suna nan, ɓoye su aka yi. Bayan an wanke kilen da manhajar kariya, umarnin attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a cikin Invite de commandes yakan fito da su, idan E ne harafin kilen. Kada dai a danna waɗancan alamomi masu kibiya, don su ne ke kunna cutar.

Dogon suna

Ɗalibai na da wata al'ada da ke jawo musu matsala ba su sani ba. Dosiye a cikin dosiye a cikin dosiye, kowanne da dogon suna: sunan jami'a, sunan sashe, shekara, babi, sannan fayil mai ɗauke da taken kundin gaba ɗaya, an ƙara masa gyara na ƙarshe, an sake ƙara na ƙarshen ƙarshe. Windows na ƙirga dukkan hanyar daga harafin faifai har zuwa sunan fayil, kuma a tsarinsa na asali iyakarta haruffa 260. Fayil na iya zama lafiya a wurinsa, amma da zarar an kai shi cikin wani dosiyen ajiya mai nasa dogon suna, sai hanyar ta zarce iyaka. Gajarta sunan dosiye ɗaya ko biyu na sama yakan warware komai.

Masu gyara da suka san aikinsu sukan bar jan dosiye da linzami, su yi amfani da Robocopy, umarnin da ke cikin Windows. Ba ya tsayawa kan dogon suna, kuma a ƙarshe yana ba da lissafin fayil nawa ya kwafa, nawa suka gagara. Misalinsa: robocopy C:\Users\suna\Documents E:\ajiya /E /R:1 /W:1. Haruffan ƙarshen nan na da muhimmanci, domin idan ba a sa su ba, Robocopy zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan 1, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, mutum ya kwana yana zaton aiki ake yi. A lura kuma, abin da allo ke nunawa Utilisateurs, Bureau da Images, ainihin sunansu a wajen umarni Users, Desktop da Pictures ne. Sannan a guji ƙara /MIR idan ba a fahimce shi ba: yana share duk abin da ke wurin ajiya wanda babu shi a wurin asali.

OneDrive: madubi ne

Nan ne rikicin ya fi yawa, kuma nan ne ya fi wuyar ganewa. Windows 10 da 11 na yawan tayin adana dosiyen nan uku a OneDrive, ma'ajiyar Microsoft da ke intanet. Mutane da yawa sun amsa tayin ba tare da sun san sun amsa ba, a lokacin da ake shirya kwamfutar. Abin da ke faruwa bayan nan shi ne Windows ya ɗauke dosiyen daga mazauninsu ya mayar da su cikin dosiyen OneDrive, ya fara tura su sama.

Wurin kyauta giga 5 ne kawai. Hotunan suna guda da bidiyo biyu sun cinye shi. Daga nan sai jan alama ya fito, turawa ta tsaya, kuma duk abin da aka rubuta bayan ranar ba ya zuwa ko'ina. Tsari ne da aka gina don mai intanet marar iyaka a gida. Ga wanda ke jona kwamfuta da forfen wayarsa na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom, yana ƙirga kowane mega, turawar na iya lashe forfen kafin ya buɗe shafi ɗaya. Idan kuma ya sanar da Windows cewa layin nasa mai awo ne, OneDrive yakan dakata da kansa, abin da ke ceton forfe amma ya bar takardu ba a tura ba.

Wasu kurakuran OneDrive na da sauƙi. Ba ya karɓar suna mai ɗauke da alamomi irin su " * : < > ? / \ |, waɗanda kan shigo tare da fayilolin da aka kwaso daga waya ko Mac. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su cikin waɗanda aka hana. Yakan kuma yi ƙorafi kan fayil ɗin Outlook mai ƙarewa da .pst, wanda Outlook ke ajiyewa a Documents, sai an fitar da shi zuwa wani wuri. Idan ya ƙi shiga asusu yana nuna 0x8004de40, matsalar haɗuwa da intanet ce, kuma a tsohuwar kwamfuta yana da kyau a fara duba agogo. Ƙaramin batirin da ke riƙe kwanan wata kan mutu, kwamfuta ta koma wata shekara can baya, shafukan tsaro kuma su ƙi amincewa da ita.

Babban tarkon yana wajen ƴar alamar da ke gefen kowane fayil. Koren da'ira mai maki na nufin fayil ɗin yana kan kwamfuta. Shuɗin gajimare na nufin sunansa kawai ke nan, jikinsa yana intanet. Wanda ya zo kwashe Documents zuwa kile a shagon da babu intanet, fayilolin masu gajimare ba za su kwafu ba, wani lokaci da lambar 0x8007016A. Kafin kwafi sai an danna dosiyen da maɓallin dama, an zaɓi a riƙe shi kullum a kan na'urar, an jira komai ya sauko.

Sannan OneDrive madubi ne. Abin da aka share a kwamfuta yana sharuwa a sama, abin da aka share a sama don rage cunkoso yana ɓacewa daga kwamfuta. Mutane kan shiga ta waya su goge hotuna don jan alamar ya tafi, su dawo su tarar dosiyen Images ya zama fanko. Akwai kwandon shara a shafin OneDrive da ke riƙe abin da aka goge na kwana 30 ga asusun mutum na kansa, haka ma Google Drive. Bayan wa'adin ya wuce, sai haƙuri. Haka kuma wanda ya kashe ajiyar don ya huta da saƙonni na iya ganin allonsa wayam. Takardun ba su ɓata ba, suna cikin dosiyen OneDrive, sai an mayar da su da hannu.

Google Drive na ba da giga 15, amma ana raba su ne tsakaninsa da Gmail da Google Photos, kuma ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma yanzu a ciki ake lissafa ta. Idan ya cika, har wasiƙun Gmail sukan daina shigowa, abin da ke da haɗari ga mai jiran amsar makaranta ko ta biza.

Wuta, zafi da ƙarar faifai

Ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafi na barin fayil rabi, wani lokaci ma ta rikita tsarin faifan har Windows ya ce sai an yi masa formate kafin a yi amfani da shi. Amsar wannan tambaya a'a ce, matuƙar akwai abin da ake so a ciki. Mazauna biranen Nijar sun ga tsananin lamarin daga watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turowa sakamakon takunkumin CEDEAO, kuma ko a shekarar da babu rikici, watannin zafi na Afrilu da Mayu ba sa rasa yankewar wuta. Kwamfutar hannu mai mataccen batir, irin wadda ke mutuwa da zarar an zare waya, daidai take da ta tebur a nan. Babban kwafi ya fi kyau a yi shi kashi-kashi, dosiye bayan dosiye.

Faifan waje mai juyawa yana shan wutarsa ne daga ramin USB. Idan ramin ya raunana, ko an bi ta na'urar raba ramuka, faifan kan ɓace ya dawo a tsakiyar aiki. Wannan ne ma ke sa Historique des fichiers, tsarin ajiyar da Windows ke da shi tun Windows 8, yake ta cewa a sake jona faifai. Shi wannan tsari a yadda ya zo yana ɗaukar kwafi kowace awa kuma ba ya zubar da tsofaffi, don haka a hankali yake cika faifan, sai an shiga an rage masa tsawon riƙo.

Idan kuwa faifai ya fara ƙara, ƙyas-ƙyas, ko kwafi ya yi ta tsayawa a wuri guda, lokaci ya ƙure. Da yawa kan garzaya su kunna chkdsk, umarnin duba faifai. A kan lafiyayyen faifai da wuta ta rikita yana da amfani, amma a kan mai mutuwa yana tilasta masa aikin sa'o'i da zai iya ƙarasa shi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Abin yi shi ne a fara ciro mafi muhimmanci, kundi da takardun shaida, ƙanana ne, cikin mintuna suke fita. Fina-finai da waƙoƙi su jira.

Masu tafiya

Ga ƴan ci-rani da ɗaliban da ke waje, matsalar takan zo ta wata ƙofa. Takardun suna sama lafiya, amma mai su ya kasa shiga. Asusun Microsoft ko Google a ɗaure yake da lambar wayar gida, mutum kuma yana Aljeriya ko Libiya ko Abijan ko Faransa, layin ya daɗe ba a yi amfani da shi ba har an rufe shi. Da ya gwada shiga daga sabuwar ƙasa da sabuwar na'ura, sai a tura lambar tabbatarwa zuwa layin da ba ya hannunsa. Wani ma bai taɓa sanin kalmar sirrin ba, domin mai gyara ne ya buɗe asusun a gurguje ranar da aka sayi kwamfutar. Ba a fafe gora ranar tafiya: ƙara adireshin imel na biyu, da sauya lamba, da rubuta lambobin ceto a takarda, duk sai mutum yana iya shiga asusun suke yiwuwa. Kamfanonin biyu kuma sun tanadi ikon rufe asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba, Google ya fara aiki da nasa tun Disamba na 2023.

Asusun na da wani nauyi da ba kowa ya sani ba. Sababbin kwamfutoci da yawa na kulle faifansu da BitLocker da kansu idan an shiga da asusun Microsoft. Ranar da kwamfutar ta lalace aka ciro faifan don kwashe takardu, zai nemi mabuɗi mai lambobi 48, wanda ke ajiye a cikin wancan asusu. Ba mai gyaran da zai iya tsallake shi.

Masu harkar ajiyar bayanai na da ƙa'idar da suke kira 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yayata: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A nan ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Kwamfuta ɗaya, faifan waje ko kile na gaske ɗaya da ba ya kwana a jaka guda da kwamfutar, sannan ƙananan takardu masu muhimmanci a intanet. Takardun shaida da kundi gaba ɗaya da wuya su kai giga 1.

Kafin a ba mai gyara izinin formate, akwai gwajin minti biyar. A danna dosiyen asali da maɓallin dama, a buɗe Propriétés, a rubuta adadin fayiloli da girmansu. A yi haka ga kwafin. Idan lambobin sun bambanta, akwai abin da ya rage a baya. Sannan a zare kilen ta hanyar Éjecter, a kai shi wata kwamfutar, a buɗe kundin, a gangara har shafin ƙarshe, a buɗe hotuna goma daga wurare daban-daban.

Wanda kuma ya riga ya makara yana da ƙofa biyu. Idan an ɗora sabon Windows ba tare da share faifan ba, tsofaffin dosiye na iya kasancewa a C:\Windows.old, amma Windows kan goge shi da kansa bayan kwana 10. Idan an yi formate na gaggawa, manhajoji irin su PhotoRec da Recuva kan iya tono wani abu, musamman a faifai mai juyawa, da sharaɗin a daina amfani da kwamfutar nan take, kuma a zuba abin da aka tono a wani faifan daban. A faifan SSD damar ta fi ƙanƙanta, domin shi yakan share gurbin abin da aka goge ba da jimawa ba.